Darasi na 7: Yadda Ake Auna Gani da Ji

A ajin yaƙi da jahilci akan sami ɗalibi mai himma ya zo wata biyu, sai a daina ganinsa. In an tambaye shi ya ce kansa ba ya ɗauka, karatu sai yara. Sau da yawa ba kan ba ne. Rubutun allo ne ba ya fita masa sosai, ko kuma muryar malami ce ke isowa kunnensa rabi da rabi. Wannan darasi zai koya mana yadda ma'aikatan lafiya ke auna gani da ji, da yadda za mu karanta lambobin da suke rubuta mana a kati.

Me ya sa sai an auna?

Tambayi dattijo, "Baba, yaya idanun?" Zai ce, "Alhamdu lillahi, ina gani daidai gwargwado." Amsa ce ta mai godiya, amma likita ba zai iya aiki da ita ba. Yawanci gani da ji ba sa tafiya rana ɗaya. A hankali suke raguwa, mutum yana sabawa, har ya manta yadda yake gani da. Wani ma ido ɗaya ya daɗe da mutuwa bai sani ba, domin ɗayan yana rufa masa asiri. Shi ya sa ake auna kowane ido shi kaɗai, kowane kunne shi kaɗai.

Allon gwajin ido

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin duba ido ya ga wani farin allo a bango, babban harafi a sama, ƙanana a ƙasa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holand mai suna Herman Snellen ne ya ƙirƙiro shi a 1862. Ana zaunar da mutum mita 6 daga allon, a rufe masa ido ɗaya, ya karanta daga sama zuwa ƙasa har inda ya kasa.

Kada wanda bai iya karatu ba ya ji kunyar zuwa. Akwai allon da harafi ɗaya ne kawai a jikinsa, wato E, mai ƙafa uku. An jujjuya shi: wani ƙafafunsa sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. Da hannu za ka nuna inda ƙafafun suka dosa, ba sai ka furta komai ba.

Bayan gwajin za a rubuta lamba biyu da layi a tsakani. In an rubuta 6/6, ganinka lafiya lau. In an rubuta 6/18, ma'anarsa abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 18, kai sai ka matso mita 6 kafin ka gan shi. Lambar farko ita ce nisan da ka zauna. Ta biyu kuwa, yawan girmanta yawan raunin idon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakoki, kuma da idon da ya fi kyau ake yin hukunci. Wanda ganinsa bai kai 6/12 ba yana da ƙaramin rauni. Wanda bai kai 6/18 ba rauninsa matsakaici ne, wanda bai kai 6/60 ba kuma mai tsanani. In bai kai 3/60 ba, a lissafin likitoci makaho ne, ko da yana bambance dare da rana, ko da yana zuwa masallaci ba ɗan jagora. Ku lura da wannan sosai: makanta a wurin masu bincike ba lalle sai duhu ɗungum ba.

Akwai kuma gwajin gani na kusa, da ɗan kati da ake riƙewa kamar littafi. Daga wajen shekara 40 yawancin mutane sukan fara nisanta takarda kafin su karanta, mata su kasa zura zare a allura ko tsince shinkafa. Wannan girma ne ya kawo shi, kuma tabarau mai sauƙin kuɗi yana gyara shi. Abin takaici ne a ce mutum ya bar karatu saboda abin da tabarau zai magance.

Abin da bincike ya gano a Nijeriya

Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a faɗin Nijeriya. Masu binciken ba su zauna a asibiti suna jiran marasa lafiya ba, domin wanda ya fi buƙata shi ne bai taɓa zuwa asibitin ba. Unguwanni da ƙauyuka 305 suka zaɓa, suka auna mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Daga sakamakon waɗannan aka yi lissafin ƙasa baki ɗaya.

Sun gano kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekarun makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya. Arewa maso Gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1, Kudu maso Yamma kuma kashi 2.8. Yanar ido ce kan gaba, ita ta jawo kashi 43 na makantar. Sai hawan jinin ido, cutar da ke cinye jijiyar gani a ɓoye ba ciwo, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Lambar da ta fi kamata ta tsaya mana a rai ita ce 84: a cikin kowane makaho 100, makantar 84 ana iya hana ta tun farko ko a yi maganinta.

Binciken ya kuma duba aikin masu yawo gari gari suna tura yana cikin ido da tsinken ƙarfe. Fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, ta wannan hanyar aka yi, kuma mafi yawansu an same su a makance. Aikin yana na asibiti ba ya daɗewa, ana cire yanar a sa sabuwar ƙwaya ta roba a gurbinta. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin ido na Kano, da manyan asibitocin jihohi da dama.

Awon kunne

Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, ana rubuta shi dB. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60. A wurin gwaji ana sa wa mutum abin sauraro a kunne cikin ɗaki marar hayaniya, na'ura tana aiko da sauti, mai kauri da siriri, ana rage shi a hankali. Duk lokacin da ka ji, sai ka ɗaga hannu. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar sautin da kunnenka ke kamawa.

Mai lafiyar kunne yana jin sautin da bai kai 20 ba. Wanda sai an wuce 35 kafin kunnensa mai kyau ya kama, rashin jinsa ya kai na hana shi harkokinsa: shi ne mai yawan cewa "Na'am?", mai ƙure rediyo, wanda in an taru ana hira sai ya yi shiru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce irin waɗannan sun kai miliyan 430 a duniya. Ya kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya hana shi.

Sanadin ba baƙo ba ne a wurinmu: sanƙarau, ƙyanda, hangum, kunne mai zubar mugunya da aka bari ba magani, da wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su barkatai. Sai ƙara. Mai injin niƙa, mai gyaran janareta da mai walda suna wuni cikin ƙarar da ke cin kunne kaɗan kaɗan. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta yi yawa. Wani lokaci kuma datti ne kawai ya toshe kunnen, a asibiti a fitar da shi cikin sauƙi. Kada a sa tsinke ko gashin kaza.

Jarirai ma ana auna su da wata ƙaramar na'ura suna barci. Uwa, in jaririnki ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya shekara ba ya juyowa in an kira sunansa, kai shi a duba. Yaron da ba ya ji ba zai koyi magana ba sai an taimaka masa da wuri. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Aikin aji

Ku fita tsakar gida inda haske yake, ku auna mita 6 da tef ɗin tela ko igiya. Ku kasu biyu biyu. Ɗaya ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, ɗayan ya ɗaga yatsu ya ce a ƙirga. A sake da ɗayan idon. Wanda ya kasa ƙirgawa a mita 6 ya je asibiti cikin makon nan, kada ya jira.

Na kunne: tsaya bayan abokinka nisan hannu guda, ya toshe kunne ɗaya, ka raɗa masa lambobi uku ya maimaita. Wannan gwaji na ankarar da mutum ne kawai. Wanda ya ci shi amma yana jin wani abu ba daidai ba, shi ma ya je a auna shi da na'ura.

Tambayoyi

1. An rubuta wa wata mata 6/6 a idon dama, 6/60 a na hagu. Wane ido ne ke da rauni?
2. Cikin makafi 100, makantar 84 ana iya hana ta ko magance ta. Nawa suka rage?
3. Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da garinku inda ake duba ido, da ranar da ake ganin likita.