Idan Na'urar Busar da Tufafi Ta Fara Jinkiri

Ga duk wanda tsohuwar na'urarsa ta busar da tufafi ta fara ɗaukar lokaci mai tsawo, shawarata ita ce kada ya yi gaggawar sayen sabuwa, domin sau da yawa matsalar ba ta wuce toshewar hanyar iska ba. A fara da cire ta daga lantarki, a share ɓurɓushin zaren da ya taru a matatarta, sannan a kwance bututun da ke fitar da iska waje, a tsabtace shi tun daga bayan na'urar har bakinsa. Wannan bututun ne aka fi mantawa da shi, kuma abin yana damuna ƙwarai, saboda busasshen ɓurɓushi yana saurin kamawa da wuta. Bututun ƙarfe mai santsi ya fi na roba aminci, kuma a rage masa lanƙwasa.

Idan iska tana fita da ƙarfi amma babu zafi, mai yiwuwa wayar dumamawa ce ta ƙone, kuma mai gyara zai iya canja ta. Amma idan injin juya gangar ya lalace, gyara kuma ya yawaita, gara a sayi sabuwa.