Yadda ake haɗa na'urar gwajin sukari a kan takarda da kaki

Takarda tana jan ruwa da kanta kamar yadda lagwani ke jan kananzir, don haka na'urar da aka yi da ita ba ta buƙatar famfo ko lantarki. Ɗakin binciken George Whitesides na Jami'ar Harvard a Amurka ne ya fito da wannan dabara a 2007, a 2009 kuma suka nuna yadda ake shata hanyoyin ruwan da kaki.

Za a tanadi takardar tacewa Whatman lamba 1, firintar tawadar kaki irin Xerox ColorQube, faranti mai dumamawa, da fifet, wato bututun ɗiga ruwa, mai auna ƙasa da maikrolita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na mililita). An daina ƙera wannan firinta, amma ana iya goga kaki ta cikin rariyar buga zane a samu biyan buƙata.

A fara da zane a kwamfuta: hanya mai faɗin milimita 2 da ta ƙare a da'ira mai milimita 4, katangar kewaye kuma kada kaurinta ya gaza rabin milimita. Bayan bugawa, a ɗora takardar a kan faranti mai zafin digiri 150 na ma'aunin Celsius har minti 2. Nan ne aka fi yin kuskure. Kakin da ya narke yana ratsawa ƙasa, yana kuma bazuwa gefe, sai hanyar ta tsuke fiye da yadda aka zana. Idan zafin bai isa ba, kakin ba zai kai bayan takardar ba, ruwa ya yi ta yoyo ta ƙarƙashi. Idan ya wuce kima, hanyar ta toshe. A juya takardar a duba: zanen ya fito a baya ba yankewa. A gwada da ɗigon ruwa mai launi tun kafin a ɓata sinadarai masu tsada.

A cikin da'irar, a ɗiga maikrolita 0.3 na potassium iodide mai ƙarfin mola 0.6 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), a bari ya bushe. Sai a bi shi da maikrolita 0.3 na haɗin enzayim biyu, wato sinadaran furotin masu hanzarta sauyawar wasu sinadarai, glucose oxidase da peroxidase, cikin ruwa mai pH 6 (ma'aunin tsami) da trehalose, wani nau'in sukari, mola 0.3. Kada a yi sakaci da trehalose, shi ke kare enzayim idan sun bushe. Glucose oxidase yana sarrafa gulukos, wato sukarin da ake gwadawa, ya fitar da hydrogen peroxide, peroxidase ya yi amfani da ita ya mai da iodide aidin, da'irar ta koma ruwan ƙasa.

Ruwan gulukos na ma'auni, wanda za a kwatanta launin samfur da shi, daga milimola 0 zuwa 20, a haɗa shi tun jiya ya kwana, domin gulukos a ruwa yana da nau'in alfa da na beta, nau'in beta kaɗai glucose oxidase ke ci, kuma sabon haɗi bai gama daidaita ba. A tsoma bakin hanyar cikin ruwan da za a gwada, a jira minti 20, a ɗauki hoto cikin akwati mai fitila guda, ko da yaushe a nisa ɗaya.

Launi yakan taru a gefen da'ira ya bar tsakiya fari. Shafa chitosan, wani sinadari da ake samu daga ɓawon jatan lande, tun farko yana rage hakan. Idan fitsari ake gwadawa, bitamin C da ke cikinsa yana dusashe launin, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Jini kuwa ja ne, yana rufe launin, sai an ware ƙwayoyinsa tukuna. Sabulu da barasa suna keta katangar kaki. Lokacin hunturu samfur na iya bushewa kafin ya kai da'ira, sai a rufe hanyar da salatif mai haske. A adana takardun a firij, cikin leda mai duhu da ƙunshin silika mai tsotse danshi.