Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara kalmomi da jimlolin misali

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kawo jimlar da ba ta nuna ma'anar kalma ko kaɗan. Malami zai rubuta "Wannan tsani ne" a allo, ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali da za a cire tsani a sa kujera, jimlar za ta tsaya yadda take. Gyaran shi ne a sa kalmar cikin aikinta: "Bala ya jingina tsani da bango, ya hau har rufin ɗaki." Gwajin mai sauƙi ne, a rufe kalmar da yatsa, a ga ko yaro zai iya gano abin da aka ɓoye.

Wasu kuma sukan cika misalin da kalmomin da suka fi wadda ake koyarwa wuya. Binciken Marcella Hu da Paul Nation na 2000, kan masu koyon Ingilishi, ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin labari kafin ya fahimce shi sosai ba tare da taimako ba. A jimla guda kuwa, baƙuwar kalma ɗaya, wato wadda ake koyarwa, ta isa.

Inda aka fi tuntuɓe, a ganina, shi ne batun matakan karatu, domin da yawa suna ɗauka cewa bambancin mataki da mataki tsawon jimla ne kawai. Abin da ya kamata ya ƙaru shi ne zurfin ma'ana. A ɗauki kalmar inuwa. Ga mai fara karatu, a ce "Rana ta yi zafi, mun zauna a inuwar bishiya." Wanda ya ɗan yi nisa a ba shi "Da yamma inuwar mutum takan fi shi tsawo", wadda za ta sa shi tunani. Sai wanda karatunsa ya nuna ne za a kawo wa "Marayun sun girma a inuwar kawunsu", domin idan aka fara da wannan, ƙaramin yaro zai zaci kawun bishiya ne.

Akwai kuma abin da ya shafi rubutunmu na boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Jariri yana kuka" da "Tsuntsu ya yi sheƙa a kan kuka" rubutunsu ɗaya, furucinsu dabam. Dole malami ya karanta su da ƙarfi, kuma kada ya haɗa su a rana ɗaya ga masu farawa.

Misali ɗaya ba ya wadatarwa. A sake kawo kalmar bayan kwanaki cikin sabuwar jimla, har da jam'inta. Idan aka ce yaro ya gina tasa jimlar, sau da yawa zai fake da "Ina son tsani." Gara a fara masa da "Mun nemi tsani saboda..." a bar shi ya ƙarasa.