Yadda ake haɗa shirin radiyo na minti 30 kan ƙungiyar mawaƙan Ingila, Beatles

Fara da rabon lokaci: waƙa shida, magana kamar minti 12. Yawancin waƙoƙinsu na farko ba su kai minti uku ba, lissafi zai fita, in dai ba ka ɗauko "Hey Jude" ba, wadda ita kaɗai ta haura minti bakwai.

Kada ka zube tarihin a tashi ɗaya, ka riƙa gutsura shi tsakanin waƙa da waƙa. Samarin Liverpool ne, sun kafa ƙungiyar a 1960, suka goge a gidajen rawa na Hamburg da ke Jamus. Ringo Starr ya karɓi ganga a 1962, ya cika su huɗu da John Lennon, Paul McCartney da George Harrison. A Fabrairun 1964 mutum kusan miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne 1966. A Agustan shekarar suka daina yawon wasa, don ihun ƴan kallo ya fi ƙarfin lasifikar zamanin, ko kansu ba sa ji. Sai suka tare a sitidiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan tare da furodusansu George Martin. Faifan Sgt. Pepper na 1967 a na'ura mai layi huɗu aka ɗauke shi: in layukan sun cika, sai a haɗe su a juye a wata na'urar don a samu gurbi. Matasan da ke haɗa waƙa a kwamfuta a Sabon Gari ko Zango, nan za su kasa kunne. A kula kuma: faifan Let It Be ya fito a 1970, shekarar da suka watse, amma yawancinsa an ɗauke shi tun kafin faifan Abbey Road na 1969.

Abin da ya fi ɓata irin wannan shiri wayar haɗa sauti ce. A wasu tsofaffin faifansu na sitiriyo murya na gefe ɗaya, kiɗa na ɗaya gefen. In wayar da ta haɗa kwamfuta da teburin sauti gefe guda take ɗauka, kiɗa zai fita ba mawaƙi. Nemi na mono, wanda murya da kiɗa ke haɗe wuri ɗaya, ko ka haɗe gefen biyu a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka daidaita ƙarfin sauti, ka gwada a salula kafin ka hau iska. Waƙoƙin da aka kwaso a katin memori kuwa, saurare su har ƙarshe, sunan da ke kai sau da yawa ba nasu ba ne.

Galibin masu sauraro a Damagaram ba sa jin Ingilishi, ka ba da ma'anar kowace waƙa a jimla biyu. In kana son ƴan fada su kira, kawo zancen zuwan McCartney Legas a 1973, lokacin da Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka. Rubuta jerin waƙoƙin da ka sa, tashar za ta buƙace shi don harkar haƙƙin mallaka da BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar.