Kafin ku saya wa yaro gadon tsalle a gidan haya na Ingila

Da sanyi ya fara janyewa a watan Afrilu, shaguna irin su Argos da Smyths kan baje gadon tsalle na yara, wanda ake kira tarampolin. Iyalin da suka baro Barnawa ko Unguwar Rimi bara, yaransu sun sha kulle a ɗaki tun Nuwamba, ga ɗan fili mai ciyawa a bayan gida, ga gadon tsallen maƙwabta ana hangowa ta saman shinge. Uba ya ji tausayi, ranar albashi ya je ya ɗauko. Kowace shekara haka mutanenmu ke yi: sai an saya sannan a fara tambaya.

Ku fara da shekarun yaron. Ƙungiyar RoSPA mai aikin kare haɗurra a Birtaniya ta ce gadon tsalle bai dace da yaron da bai kai shekara 6 ba. Akwai wata karaya da likitocin ƙashi suka sani sarai, a ƙashin ƙauri daf da gwiwa, wadda ta fi samun 'yan shekara 2 zuwa 5, ko da ba su faɗo ƙasa ba. Babba ya dira, shimfiɗar ta nutse, ta taso da ƙarfi daidai lokacin da ƙaramin ke saukowa, sai ƙafarsa ta ɗauki dukan. Mu mun saba a tsakar gida wa na riƙe da ƙani, yara takwas a wasa ɗaya, kuma tarbiyya ce da muke alfahari da ita. A kan gadon tsalle kam, yaro ɗaya a lokaci ɗaya, ko da ranar Sallah ce gida ya cika da baƙi.

Sai mai gida, kuma a nan ne aka fi yin asara. A Kaduna idan ka biya hayar shekara, tsakar gida taka ce, ko akuya ka ɗaure ba mai ce maka uffan. A Ingila takardar yarjejeniyar haya ce ke magana. Ku buɗe ta, ku nemo inda aka yi zancen lambu. Wata ta hana gadon tsalle ƙiri-ƙiri. Wata ba ta ambace shi ba, amma ta ce dole a mayar da lambun yadda aka same shi. Wannan ta biyun ita ce ke kama mutane, domin ciyawar da ke ƙarƙashin gadon ba ta samun rana, ƙafafun ƙarfen kuma suna barin sawu. Ranar tashi sai a ga ƙaton da'ira ta mutu a tsakiyar fili, a zabge kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarku, wato wanda kuka bayar lokacin shiga gidan saboda ko za a yi ɓarna. Tun 2019 doka ta taƙaita kuɗin ajiya zuwa hayar mako 5 ga yawancin gidaje, amma hayar mako biyar ba abin wasa ba ce ga ɗalibi ko ma'aikaciyar jinya da ke tura kuɗi gida.

Don haka ku rubuta wa mai gida ko dillalinsa saƙon imel. Ku faɗi girman gadon, da inda za a ajiye shi, da cewa za a kafa turaku a ƙasa. Ku jira amsa a rubuce, ku adana ta. “Ai ya ce ba komai a waya” ba hujja ba ce. Ma'aikacin da ya faɗa ƙila ya bar aikin kafin ku tashi. Ku ɗauki hoton ciyawar kafin a kafa. Dole mai gida ya saka kuɗin ajiyarku a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma idan an yi saɓani akwai masu raba gardama kyauta, amma takarda da hoto suke dubawa, ba rantsuwa ba. Idan kuwa bene kuke, lambun na kowa da kowa ne, masu kula da gini da yawa sun hana shi. Sannan ku kira kamfanin inshorarku na kayan gida ku tambaya ko za su biya idan ɗan maƙwabci ya ji rauni a kansa. Da yawa daga cikinmu ma ba su da inshorar.

Zaɓen gadon kansa ba wuya. Ku nemi lambar EN 71-14 a jikin kwali, ita ce ƙa'idar gadon tsalle na gida, ku duba iyakar nauyin da aka rubuta. Mai faɗin ƙafa 8, wato kimanin mita 2.4, ya ishi yaro ɗan firamare. Ragar kewaye ta kasance ta cikin sifirin, yadda ƙafa ba za ta faɗa tsakaninsu ba, katifar gefe kuma ta rufe sifirin da ƙarfen duka. A kafa shi a kan ciyawa, wuri mai daidai, ba kan siminti ko dakali ba, a bar mita 2.5 ta kowane gefe babu shinge, babu bishiya, babu igiyar shanya. Ku auna filin kafin ku fita; bayan gidaje da yawa bai kai ba. In an gama wasa a cire tsani, kada mai rarrafe ya hau.

Na hannu a Facebook yana da araha, amma ba sayen gwanjo ba ne irin na Kasuwar Barci da za ka ɗaga riga ka ga ɓarakarta. Rana da ruwa suna cinye raga har ta yage da ɗan ja, tsatsa kuma tana cin ƙarfe a mahaɗa inda ido bai kai ba. Ku ja ragar da hannu, ku ƙirga sifirin, ku leƙa ƙarƙashin katifar.

Turaku dole ne. Kun san yadda iskar farkon damina ke yaye kwano a Rigasa. Gadon da ba a ɗaure ba haka yake tashi. Hukumar Network Rail ta sha jan kunne saboda waɗanda iska ke jefawa kan layin dogo su tsayar da jirage. Ku sayi turaku huɗu masu murɗawa da ɗamararsu, in an sanar da guguwa ku sauke raga da sandunanta.

Idan yaro ya sauko ya ƙi taka ƙafa, kada a yi masa ɗori ko a murza da man zafi. Ku kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ko ku kai shi sashen gaggawa na asibiti, ku faɗi ainihin abin da ya faru da wanda ke tare da shi a kai. In wuya ne ko kai ya bugu, kada a ɗaga shi, a kira 999, lambar agajin gaggawa.