Yadda nake bambance Entamoeba histolytica da 'yan uwanta a bayan gida

A ƙarƙashin madubin likita, ƙwayar Entamoeba histolytica mai jawo atuni da ƙurjin hanta kamarta ɗaya da E. dispar, wadda ba ta cutarwa. Tun 1925 masanin ƙwayoyin cuta Emile Brumpt ya ce jinsi biyu ne, amma sai a 1993 masu bincike Diamond da Clark suka tabbatar da hakan. Shi ya sa ba na yanke hukunci da ido kaɗai, sai na yi PCR, gwajin da ke ninka DNA na ƙwayar don a gane jinsinta. Ina damuwa ƙwarai idan na ga an ɗora mutum kan metronidazole, maganin E. histolytica, alhali E. dispar ce a cikinsa.

Ka karɓi bayan gida sabo, ko ka daskarar da shi a firiza. Kada ka zuba masa formalin, sinadarin adana samfur, domin yana lalata DNA. Ƙwan amiba, wato ita Entamoeba, bawonsa na da tauri, don haka ka girgiza samfurin da ƙananan duwatsun gilashi har ya fashe, sannan ka tace DNA da kyau, domin sinadaran matsarmama suna hana PCR aiki.

Sai ka ninka yankin DNA da ake kira 18S rRNA da firaima (guntun DNA mai kama jinsi ɗaya kawai) ta kowane jinsi, har da E. moshkovskii, wata 'yar uwarsu mai kama da su. Kowane zagaye ka haɗa da samfurin da ka san yana ɗauke da ƙwayar, da kuma ruwa zalla. Idan ruwan ya nuna layin DNA a sakamakon gwajin, an samu gurɓata, ka sake aikin daga farko.