Kada ku aje adireshin shafi tsirara

Jama'a, in kun ga shafi mai amfani a intanet, kada ku tura adireshinsa shi kaɗai. Ku sa masa riga: alama mai #, 'yan kalmomi da kwanan wata.

Ku buɗe hira da lambarku a WhatsApp, ku maƙala ta a sama. Can za ku riƙa zubawa.

Misali: #noma farashin wake kasuwar Maradi 12/03, sannan adireshin. Ko #karatu sanarwar rajista Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Dalili? Wurin nema na WhatsApp kalmomi yake karantawa. Adireshi kuwa galibi haruffa ne da lambobi, wa zai tuna su bayan wata shida? Rubuta "wake" kawai, ya fito.

Alamomin kada su wuce biyar ko shida. Yau #noma, gobe #gona, kun raba kayanku biyu ke nan.

Amma shafi yana mutuwa, adireshin ya zama fanko. Mai muhimmanci ku kai shi web.archive.org/save, rumbun aje kwafin shafuka, ku liƙa, ku aje sabon adireshin da ya ba ku kusa da na asali. Kyauta ne. In don karatu ba rezo ne, ku maida shafin PDF ta wurin bugawa na Chrome, mega ta huta.

Inda dabarar ke kasawa: shafin da sai an shiga da kalmar sirri, kamar rufaffen rukunin Facebook, ba ya ajuwa a web.archive.org. Bidiyo ma sau da yawa ba ya kamuwa. Waɗannan hoton allo za ku ɗauka.

Kuma waya in ta ɓata ba ku kwafa hirar zuwa Google Drive ba, duka sun bi ta.